Sawun Jika a Sabuwar Tasha

Lokacin da aka buɗe sabuwar tashar manyan motoci a kudancin Khartum, kusa da unguwar Sahafa, mu ɗaliban da muka zo karatu daga Nijeriya da Nijar mun fi 'yan gari murna. Duk wanda ya taɓa shiga mota a tsohon filin da ke cikin kasuwa ya san dalili. Rana ta dake ka, rairayi ya cika maka takalmi, 'yan kamasho su yi ta fizgar jakarka, kowa yana rantsuwa motarsa ce za ta fara tashi. Sabuwar kuwa gini ne guda, ga katanga ga ƙofa, ciki sanyi ƙalau, an shimfiɗa tayil tun daga mashiga har zuwa ƙofofin gilashin da ake bi a hau mota. Ni da ƙawayena mun taɓa zuwa ba don tafiya ba, don kawai mu zauna mu sha sanyi mu kalli allon da ke nuna sunayen garuruwa. Ba na jin kunyar faɗa. Wanda bai san zafin Khartum ba ne zai yi mana dariya.

Mutum ɗaya na sani da ba ta yi murna ba, ko da yake a lokacin ba ta taɓa ganin wurin ba. Wata tsohuwa ce a Omdurman, wadda kowa a unguwarsu ke kira Habboba, wato kaka. Mai sayar da gyaɗa a bakin makarantarmu ce ta haɗa mu. Ta ji ni ina ciniki da Larabcina na littafi, sai ta kwashe da dariya ta ce da Hausa, “Ke 'yar ina ce?” Da na ce Katsina, ta ce to lallai in je in gai da gwaggonta, don uban gwaggon daga ƙasar Katsina ya taso a ƙafa zai je Makka, ya yada zango a bakin babban kogin da ya ratsa birnin nan, zangon kuma ya zama gida. Na je gaisuwa ta wuni ɗaya, na ƙare da yin duk hutuna a gidan.

Habboba gajera ce, mai ƙarfin murya, ba ta sa komai sai farin tob, dogon mayafin nan da matan Sudan ke naɗawa daga kai har ƙafa. Hausarta irin ta da ce, wadda ko kakata ta manta da rabinta, sai kuma ta watsa mata Larabci a tsakiya ba ta ma sani ba. Ustaza take kira na, don tsokana, tun ranar da na gyara mata wata addu'a. Ni kuma a lokacin bakina ba ya shiru, karatu yana cina, ina ganin duk tsohuwar da na tarar aikina ne in daidaita ta.

Abin da muka fi yin musu a kai shi ne ƙullin sawu. Duk wanda zai yi tafiya mai nisa daga gidan, ɗa ne ko ɗan haya ko baƙo, sai ta raka shi ƙofar gida, ya taka ƙasa da ƙafar dama, ya wuce ba waiwaye. Ita kuma ta durƙusa ta kwashe ƙasar da ya taka, ta ƙulle a ɗan ƙyalle, ta jefa cikin wani tsohon gwangwanin madara da ke ƙarƙashin gadonta. In ya dawo, ta zazzage ƙasar a bakin ƙofa tana guɗa, ta wanke ƙyallen. In kuwa labarin rasuwarsa ya zo, nan ma takan zazzage, amma a bayan ɗaki, shiru, ta wanke ƙyallen ta shanya. Na ce mata wannan ba shi da asali a addini. Ta ce, “Ustaza, na ji. Miƙo mini buta.” Haka musunmu yake ƙarewa kullum, ni da hujja, ita da aike.

Sai da na daɗe a gidan na san akwai mutum ɗaya da ba ta taɓa samun sawunsa ba. Ɗanta ne, namiji ɗaya tilo. A farkon mulkin sojan nan, lokacin da ake tare motocin haya ana sauke samari don a kai su bautar ƙasa, ya fita da safe zai je aiki, aka sauke shi a hanya. Daga sansani aka wuce da su kudu, inda ake yaƙi. Bai dawo ba, ba a kuma kawo gawa ba. Ba ta taɓa ce mini da ta ɗebi sawunsa da ya dawo ba. Abin da take cewa kawai, “Na kowa ya shiga gwangwanin nan, ban da nasa.” Ya bar jariri, uwar ta yi aure a wani gari, Habboba ta rene shi.

Wannan jaririn shi ne jikan da na tarar, ya zama ƙato mai gemu, makaniki a wani gareji a Bahri. Tana kiransa maigidana, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki, shi kuma yana ce mata amaryar da ba haƙora. A batun sawu kuwa shi da ni jam'iyya ɗaya muke, har ya fi ni zafi, don ya fara zama wurin wasu malamai masu ɗage wando. Shekarar da zazzaɓin zinari ya kama samarin birnin, kowa yana tafiya arewa cikin sahara da injin neman ƙarfe, shi ma ya ce zai je. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta daina yi masa magana, daga baya ta haƙura. Ya ce ranar Asabar zai tashi. Ta yanke sabon ƙyalle ta ajiye.

Ranar Alhamis da hantsi muna zaune a tsakar gida, ina taya ta tsince wake, sai maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Mijinta a garejin nan yake aiki. Ta ce, “Habboba, Allah ya kiyaye hanya, ya sa a dawo da alheri. Maigidanmu ya ce yanzu suka sallami jikanki, ya wuce tasha.”

Ashe ɗan banzan nan ya daɗe yana fitar da kayansa ɗaya bayan ɗaya zuwa gareji. Ya fita da safe kamar mai zuwa aiki, don kada a tsayar da shi a ƙofar gida a yi masa abin da ya ce bidi'a ne. Kamar mai zuwa aiki. Na dubi fuskar tsohuwar, na ga abin da wannan ya tuna mata, sai na ji raina ya ɓaci da shi fiye da yadda ya taɓa ɓaci da ƙullinta. Na kira wayarsa, tana shiga ba a ɗauka.

“Yaushe motar za ta tashi?” in ji Habboba.

Maƙwabciyar ta ce ita dai ta ji an ce kafin azahar.

Habboba ta ture faifan waken, ta shiga ɗaki, ta fito da tob ɗinta mafi kyau, wanda take zuwa biki da ta'aziyya da shi. Ta cusa sabon ƙyallen a ƙugu. “Yalla, mu tafi, Ustaza. Ke kika san wurin.”

Daga Omdurman zuwa kudancin Khartum ba nan kusa ba ne, sai an haye gadar farin kogi, an ratsa tsakiyar gari, an sake mota. A kan gadar muka tarar da cunkoso. Habboba, wadda kullum in za mu haye sai ta sa ni kallon ruwa, ranar ko waiwaye ba ta yi ba. Ta sa kwandastan a gaba, wani saurayi mai haƙuri da ke kaɗa yatsu yana karɓar kuɗin mota. Ta ce ya gaya wa direba ya hau gefen hanya. Ya ce, “Ya hajja, gefen hanyar kogi ne.” Motar duka ta yi dariya, ita kaɗai ce ba ta yi ba. Kafin mu sauka, duk wanda ke ciki ya san jikanta ya gudu, ya san sana'arsa, ya san ita ta yi masa kaciya da kuɗin ƙosanta. Wata mata ta ce in ita ce, da takalmi za ta tarbe shi.

A ƙofar tashar ma sai da muka yi ɗan dambe. Ba a shiga haka nan, ko rakiya ka zo sai ka yanki takardar shiga, ka bi ta wani ƙarfe mai juyawa da ke wuce mutum ɗaya-ɗaya. Habboba ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin inda ake biya don a yi bankwana ba. Na yanka mana, na tura ta ciki, tob ɗinta ya maƙale a ƙarfen, mai gadi ya zo ya warware mata yana ba ta haƙuri kamar shi ya ƙera shi.

Muna shiga zauren sanyi ya buge ta, ta ja mayafi ta rufe kunne. Mutane cike, lasifika tana kiran garuruwa, ga jerin tagogin sayar da tikiti har ƙarshen bango. Na ce bari in karanta allo in ga ƙofar da motocin arewa ke tashi. Ta ce, “Bar allonki, ya bitti, 'yata. Ina ake sayar da abinci?” Can muka same shi, a tsaye, jaka tsakanin ƙafafu, ya cika baki da burodi da wake. Da ya gan mu loma ta tsaya masa a wuya, sai da na miƙa masa ruwa.

Na ɗauka za ta zage shi. Wallahi na so ta zage shi, har na tanadi nawa da zan ƙara. Amma ko kallon fuskarsa ba ta yi ba. Ƙasa take kallo. Ta dubi dama, ta dubi hagu, tayil ne fari tas har inda ido ya tsaya. Ta taka zuwa ƙofar gilashi ta leƙa wajen da motoci ke jere, siminti ne da kwalta, kuma ba a barin kowa ya fita can sai mai tikiti. Ta hango wata tukunyar fulawa a jikin ginshiƙi, ta nufe ta da sauri ta tura hannu. Fulawar ta roba ce, an cika tukunyar da farar tsakuwa. Ta dawo tana kaɗe hannu.

Nan ne ta lura da mai goge daɓe. Wani dattijo ne dogo siriri, da bokiti da sandar gogewa, yana bin bayan mutane a hankali. Duk wanda ya shigo daga waje ya bar ɗan alamar takalmi, kafin ya yi nisa an goge. Habboba ta tsaya tana kallonsa baki buɗe.

“Ustaza, wannan aikinsa ke nan? Share sawun mutane?”

“Tsafta ce, Habboba.”

“Duk waɗannan bayin Allah, ba wanda uwarsa za ta samu komai?”

Jikan ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Larabci, irin maganar samarin can. Ya ce ta yi haƙuri, ya yi laifi, amma ga shi ta gani da idonta, wurin nan ba ƙasa, khalas, shi ke nan, ta yi masa addu'a kawai, addu'a ita ce gaskiya. Ya ce in ta yarda mu fita waje ma, motarsa ta kusa tashi, in ya fita sai ya sake bin layin bincike. Yana magana lasifika ta kira garin da zai je.

Sai tsohuwar nan ta kama gefen tob ɗinta da ke kan kafaɗa, ta warware kamu biyu, ta durƙusa a tsakiyar zauren, ta shimfiɗa farin yadin a kan tayil a gabansa, ta danne da tafin hannu.

“Taka.”

Ya ja da baya kamar an nuna masa wuta. “Habboba! Ni in taka tufafinki? Tashi, don Allah tashi, mutane na kallo.”

“Da ka sulale kamar ɓarawo ba ka ji kunya ba, sai yanzu? Taka, maigidana. Gwiwata ba ta son sanyin nan.”

Ganin kakarsa a durƙushe shi a tsaye ya fi ƙarfinsa, shi ma ya zube ya durƙusa, yana neman ya fi ta yin ƙasa. Suka zama su biyu a tsugune kamar masu cin tuwo, ni a tsaye a kansu riƙe da ragowar burodinsa. Mutane suka fara taruwa. Wani mai babban rawani ya tambaye ni me ya faru, na faɗa masa, ya ce, “Ya zol, kai bawan Allah, taka mana! Uwata har ta rasu tana yi mini, ga ni nan kullum ina dawowa.” Wani saurayi ya ce ai wannan camfi ne, wata mata ta ce masa ya rufe baki tunda ba tob ɗin uwarsa ba ne. Jikan ya ɗago ya dube ni, yana neman agaji daga 'yar jam'iyyarsa. Na ce, “Ra'ayina bai sake ba. Amma in ba ka taka ba, ni da kaina zan ɗaga ƙafar in ɗora.”

Ya miƙe. Ya ce shi dai da takalmi ba zai iya ba, ya tuɓe silifas ɗinsa na dama. Habboba ta ce dama ƙafa take so, me za ta yi da roba. Ya ɗora a hankali ya ɗauke. Ba abin da ya fito, yadin yana nan fari.

Mai goge daɓen nan, da ya daɗe tsaye jingine da sandarsa, ya taho. Ya tsoma sandar a bokiti, ya jiƙa tayil ɗaya a gefen ƙafar saurayin, ya nuna masa da haɓa. Ƙafar makaniki ce, wadda baƙin mai da ƙurar gareji suka zauna mata a kowace tsaga. Ya taka ruwan, ya taka yadin, wannan karon da nauyinsa duka. Da ya ɗaga, ga sawu nan baƙi ƙirin, diddige da yatsu biyar, kamar an buga hatimi.

“To, tafi. Kada ka waiwaya,” in ji ta.

Ya sumbaci kanta, ya suri jaka, ya ruga da silifas ɗaya a hannu. Bai waiwaya ba. Na ga kafaɗunsa suna rawa lokacin da yake miƙa tikiti, na san kuka yake. Habboba ta naɗe gefen tob ɗin, sawun a ciki, ta rungume a ƙirji, ta miƙo mini hannu in tashe ta. Ta gode wa mai gogewar, ta yi masa addu'a mai tsawo, sannan ta ƙara da cewa Allah ya ba shi sana'ar da ta fi wannan.

Ba ta sake sa tob ɗin ba. Gwangwani ya yi masa kaɗan, sai ta ninke shi ta sa ƙarƙashin matashinta. A farko yana kira in ya sami inda waya ke kamawa, ya ce suna lafiya, ruwa ne dai ke wuya. Daga baya kiran ya ɗauke. Aka shiga jin labaran ramukan da ke ruftawa da mutane, da motocin da ke ɓata a sahara. In na zo hutu ba na tayar da musun komai. Ita ma ta rage tsokanata, abin da ya fi damuna ke nan. Watanni suka yi ta wucewa a haka, har na fara shirin jarrabawar ƙarshe.

Wata Juma'a da la'asar na sauka a bakin layinsu riƙe da ledar lemo. Tun daga nesa na hango shi ta saman katanga, farin tob a kan igiya, jiƙe, yana ɗiga. Na tsaya cak. Ta wanke. Na san abu biyu ne kawai ke sa ta wanke, na kuma kasa kunne ban ji guɗa ba, ban ji kuka ba. Na jingina da bangon maƙwabta ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da wadda na taɓa gyara mata, kuma yadda take karantawa na karanta.

Sai na ji muryarta daga ciki, da ƙarfinta na da: “Ci a hankali, ba a sahara kake ba!”

Na faɗa gidan ko sallama ban yi ba. Yana zaune a bakin gado, ya rame ya yi baƙi, gemun ya zama kamar tsintsiya, ya rungume kwano. Bai samo ko ƙwayar zinari ba, wayar ma ya sayar ya yi kuɗin mota. Tun safe ya iso, an yi guɗar har muryoyi sun dushe kafin in zo. Na zage shi, na yi kuka, na sake zaginsa, yana ta dariya da baki cike.

Da na natsu na fita wurin igiyar. Sawun yana nan, ya ɗan koɗe kawai. Na ce, “Habboba, baƙin mai ba ya fita da sabulun wanka. Kawo in jiƙa miki shi da omo, in cuɗe da kyau.”

Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta waiga ta tabbata jikan ba ya ji. Ta sa yatsa ta bi gefen sawun, daga diddige zuwa ƙaramin yatsan da ya ɗan karkace waje.

“Bar shi, ya bitti. Da gangan ban cuɗa wurin ba,” ta ce. “Ƙafar ubansa ce sak.”